Idan masu kutse suka kulle kwamfutocin asibiti, a biya su ko kada a biya?

"Assalamu alaikum. Ni likita ne, ina da ƙaramin asibiti mai gado 24 a nan Gusau. Bara muka sayi manhajar adana bayanan marasa lafiya, yanzu daga yankar kati har ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin magani da wurin biyan kuɗi duk a kwamfuta ake yi. Wani abokin aikina ya ce mini a ƙasashen waje ana kulle wa asibitoci kwamfutoci, ba a buɗewa sai sun biya kuɗin fansa da Bitcoin. Shin wannan zai iya faruwa da irinmu, ko manyan asibitocin Turai kaɗai ake nema? In ya faru, biya ya fi ko ƙin biya? Sannan ina shirin kwashe tsofaffin katuna da foldodi in mayar da ɗakin wurin ganin likita, ko akwai matsala?" Wani likita, Gusau.

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya sa wa asibitin albarka. Tambayoyinka uku ne: ko ƙaramin asibiti yana cikin haɗari, ko biyan fansa mafita ce, da kuma makomar ɗakin kati. Sana'ata kafa kwamfutoci da haɗa su a asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje tsakanin Gusau da Birnin Kebbi da Sakkwato, saboda haka zan haɗa maka abin da ya faru a duniya da abin da na gani a wajen aiki. A taƙaice, e, zai iya faruwa da kai. Amma maganar biya ko ƙin biya ba a ranar harin ake yanke ta ba. Shirin da ka yi watanni kafin ranar shi ke yanke ta, kuma ɗakin katin nan yana cikin shirin.

Yadda abin yake aiki

Manhaja ce ke shiga kwamfuta, ta riƙa bin fayil ɗaya bayan ɗaya tana rikita abin da ke ciki da lissafin sirri. Ba goge fayilolin take yi ba. Fayil ɗin yana nan, sai dai ba ya buɗuwa, domin mabuɗin yana hannun wanda ya aiko ta. Lissafin irin wanda bankuna ke kare hada-hadarsu da shi ne, don haka duk mai gyaran kwamfuta da ya ce maka zai fasa shi da ƙwarewarsa, kuɗinka kawai zai ci.

Abin ya daɗe, kuma da ma'aikatan lafiya aka fara. A 1989 wani masanin halittu ɗan Amurka, Joseph Popp, ya aika faifan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya, akasari ga waɗanda suka halarci taron Hukumar Lafiya ta Duniya kan cutar ƙanjamau. Wanda ya saka faifan, bayan wani lokaci kwamfutarsa ta kulle, a ce ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Fanama. An kama shi ba da daɗewa ba. Matsalarsa, da ta duk waɗanda suka biyo bayansa na tsawon shekaru, ita ce yadda za a karɓi kuɗin ba tare da an bar sawu ba.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan garkuwa da fansa ba. Mun san lokacin da ya fi haɗari ga mai garkuwa shi ne lokacin karɓar kuɗi, domin dole wani ya ɗauki jaka ya hau babur ya shiga daji, dole kuma wani ya fito ya karɓa. Bitcoin, kuɗin intanet da ya bayyana a 2009, shi ya cire wa masu kutse wannan matakin. Mutum yana zaune a wata nahiya zai karɓi kuɗi cikin mintuna, babu banki a tsakani, kuma in an tura ba a iya janyewa. Tun daga 2013, da wata manhaja mai suna CryptoLocker ta nuna ana samun kuɗi ta wannan hanya, abin ya zama kasuwa. Kamfanin Chainalysis, mai bin sawun kuɗin kirifto irin su Bitcoin, ya ƙiyasta cewa abin da aka biya a 2023 kaɗai ya haura dala biliyan ɗaya. Sai dai akwai bambanci ɗaya da garkuwar da muka sani, kuma a kansa duk shawarata ta ginu: ɗan'adam ba shi da kwafi, bayanai kuwa ana iya kwafarsu a ajiye inda hannun ɓarawo bai kai ba.

Dalilin da ya sa asibiti ya zama abin farauta kai ma ka san shi. Kamfanin siminti zai iya jiran sati biyu, mai naƙuda ba za ta jira ba. A Fabrairun 2016 asibitin Hollywood Presbyterian da ke Los Angeles ya biya Bitcoin 40, kimanin dala 17,000 a lokacin, bayan ya yi kwanaki yana aiki da takarda. A Mayun 2017 manhajar WannaCry ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, gwamnati ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Kuɗin da ake nema a kowace kwamfuta dala 300 ne kacal. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ƙofar da aka bi tun watan Maris, ba a dai saka ba.

Wanda ya fi kama da abin da zai dame ka shi ne na Landan a Yunin 2024. Gungun Qilin ya kulle Synnovis, kamfanin da ke yi wa asibitocin King's College da Guy's and St Thomas' gwajin jini. Da aka kasa tantance rukunin jini da sauri, sai aka koma ba kowa rukunin O, har hukumar jini ta fito tana roƙon jama'a su zo su bayar. An ɗage ganin likita sama da 10,000 da tiyata kusan 1,700, kuma a 2025 aka tabbatar cewa jinkirin sakamakon gwaji yana cikin abin da ya jawo mutuwar wani majiyyaci. A cikin watan Yunin nan dai aka kulle hukumar ɗakunan gwaje-gwaje ta gwamnatin Afirka ta Kudu, likitoci suka koma neman sakamako ta waya. Ke nan ba Turai kaɗai ba ce.

Shin za su zo Gusau?

Masu wannan aiki iri biyu ne. Akwai manyan gungu da ke zaɓen wanda za su kai wa hari, su bincika kuɗin shigarsa, su zauna a cikin kwamfutocinsa makonni kafin su kulle. Waɗannan da wuya su ɓata lokaci kan asibiti mai gado 24 da ke karɓar naira. Sai iri na biyu, na kan mai uwa da wabi. Su ba su san kai wane ne ba, ba su ma san akwai garin da ake kira Gusau ba. Tarko suke bazawa a intanet, duk wanda ya taka ya taka. A ganina irin wannan ne haɗarinka na gaske.

Ga yadda na ga ya faru a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a jihar Kebbi. Yaron da ke wurin karɓar baƙi ya gaji da saƙon da ke fitowa cewa manhajar rubutunsu ba ta da lasisi, sai ya sauko da wata da aka ce tana cire saƙon kyauta. Ta umarce shi ya kashe manhajar tsaro kafin ya saka ta, ya kashe. Washegari da safe kowane fayil ya samu ƙarin haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, hotunan na'urar duban ciki da sakamakon gwaje-gwaje da lissafin bashi duk sun zama fararen takardu da ba sa buɗuwa. A cikin kowace folda akwai ɗan gajeren saƙo mai suna _readme.txt, cikin ladabi ma aka rubuta shi, yana cewa kada a damu, a biya dala 980, in an tuntuɓe su cikin sa'o'i 72 a biya 490. Wannan dangin manhajar ana kiran sa STOP ko Djvu, kuma ta manhajojin sata ya fi yaɗuwa. Mai wurin ya ce mini hankalinsa kwance domin yana da kwafi. Da muka zagaya bayan kwamfutar, faifan ajiyar yana nan a jone, tun ranar da aka saya ba a taɓa cire shi ba. Shi ma an kulle shi tare da sauran. Abin da ya cece su wata ma'aikaciya ce da ta ƙi daina rubuta sakamako a babban littafin rajista, duk da ana yi mata dariya cewa ta ƙi zamani.

Irin wannan ba ya shiga jarida. Mai asibiti ba ya son a ji, sai a wanke kwamfutar a ci gaba. Saboda haka shirun da kake ji a Najeriya kada ya ruɗe ka.

Akwai kuma ƙofa ta uku da mutane ba sa tunawa, wato kamfanin da ya sayar maka da manhajar. Synnovis ba asibiti ba ne, ɗan kwangila ne. In bayananka suna ajiye a babbar kwamfutar kamfanin a Abuja ko Legas tare da na wasu asibitoci da yawa, to shi kamfanin ya isa babban gungu ya kula da shi, ko da kai ba ka isa ba. In kuma a ofishinka suke, duba ko injiniyansu ya bar manhajar shiga daga nesa, irin AnyDesk, a buɗe dare da rana da kalmar sirri mai sauƙi. Na sha tarar da lambar wayar mai asibiti a matsayin kalmar sirri, ga ta kuma a rubuce a allon ƙofar shiga.

Biya ko ƙin biya

Shawarata kada a biya, kuma dalilina na farko na likitanci ne kafin na ɗabi'a. Mutane suna zaton in an biya da yamma komai zai dawo da safe. A Mayun 2021 gungun Conti ya kulle hukumar lafiya ta ƙasar Ireland, ya nemi kusan dala miliyan 20. Gwamnati ta ƙi. Bayan kimanin mako guda maharan suka ba da mabuɗin kyauta, amma duk da mabuɗi a hannu sai da aka yi kusan wata huɗu kafin al'amura su daidaita. Buɗe fayil yana cin lokaci, wasu suna lalacewa, kuma ba za ka mayar da marasa lafiya kan kwamfutar da ba ka tabbatar ɓarawon ya fita ba. Wanda ke kwance a gadonka yau, biyan fansa ba zai amfane shi da komai a daren nan ba. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa wata biyu kafin nan wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da aka liƙa a saƙon imel, ta nan aka shiga.

Na biyu, alƙawarin ɓarawo ne. Yanzu manyan gungu sukan kwashe bayanan kafin su kulle, su ce in ba a biya ba za su watsa. A Fabrairun 2024 aka shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka ta wata ƙofar shiga daga nesa da ba ta da tabbaci mataki biyu, irin lambar da ke zuwa waya bayan kalmar sirri. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya tabbatar wa majalisa cewa sun biya dala miliyan 22. Shugabannin gungun suka gudu da kuɗin ba su ba abokin aikinsu da ya kai harin kasonsa ba, shi kuma bayanan suna hannunsa, sai wani gungu ya sake fitowa yana neman fansa ta biyu. Bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa. Biyu babu ke nan. A Fabrairun 2024 ɗin dai, da 'yan sandan Birtaniya suka ƙwace kwamfutocin gungun LockBit, sun tarar da bayanan waɗanda suka riga suka biya don a goge musu.

Wannan ɓangaren na fallasa shi ya fi tayar mini da hankali idan na tuna garuruwanmu. A Finland a 2020, da cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Vastaamo ta ƙi biya, maharin ya koma kan marasa lafiyar ɗaya-ɗaya, yana neman yuro 200 a Bitcoin daga kowa ko ya tona abin da suka faɗa wa likita. Ka yi tunanin sakamakon gwajin ƙanjamau ko na juna biyu, ko na gwajin kafin aure, da suna da unguwa, yana yawo a WhatsApp a Sabon Gari ko Tudun Wada. Kwafin ajiya ba ya maganin wannan. Abin da ke rage shi kawai shi ne hana shiga tun farko, da taƙaita wanda ke iya ganin irin waɗannan sakamako a cikin asibitin.

Na uku, hanyar biyan kanta tarko ce. Likitan da bai taɓa sayen kirifto ba, a cikin ruɗu, zai nemi wani yaro ya saya masa, kuma a nan ake damfara ta biyu. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, amma halascin sayen kirifto daban, tura kuɗi ga gungun masu laifi daban. Ni ba lauya ba ne, wannan gaɓar ka kai ta wurin lauyanka tun kafin buƙata ta taso. Gaskiya ne ana iya bin sawun Bitcoin, domin kundinsa a fili yake, har Amurka ta ƙwato wani kaso mai yawa na Bitcoin ɗin da kamfanin bututun mai na Colonial ya biya a 2021. Amma wannan gwamnati ce ta tashi tsaye kan babban kamfaninta. Kada ka sa rai za a yi wa dala 490 ɗinka haka.

In ya faru, a zare wayar intanet da ta haɗin kwamfutoci nan take, a kashe wifi, a ɗauki hoton saƙon da waya. Kada a yi gaggawar wanke kwamfutar, domin wani lokaci ana samun mabuɗi daga baya. Shafin No More Ransom, da hukumar 'yan sandan Turai ta Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, kamfanin Emsisoft ma yana da na wasu rassan STOP, ko da yake ba kowane yake buɗuwa ba. Sannan akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan abin zai iya cutar da masu bayanan. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 shi ma ya sa wa'adin sa'o'i 72 na kai rahoto ga ngCERT, cibiyar kula da hare-haren intanet da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Ɗakin kati da sauran shiri

Kada ka kwashe ɗakin gaba ɗaya. In wuri kake buƙata, tace shi. Foldodin waɗanda suka yi shekaru ba su zo ba a ɗaure a kai ma'ajiya mai kulle inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Na masu zuwa a kai a kai, masu hawan jini da ciwon siga da sikila da masu awon ciki, su zauna kusa, kuma a riƙa saka musu taƙaitaccen bayani lokaci-lokaci: maganin da suke sha, wanda jikinsu ba ya karɓa, rukunin jini. A ajiye sababbin katuna da takardun neman gwaji da na rubuta magani da rasit waɗanda za su isa aikin sati biyu. Kowace yamma a buga jerin waɗanda ke kwance da jadawalin magungunansu, a sa a folda a teburin nas. Shafi kaɗan ne, amma ranar da allo ya yi baƙi da ƙarfe biyu na dare, nas ɗin da ke aiki za ta san wa aka yi wa allura da wanda ya rage.

Asibitocin Landan sun sha wahala da aka koma aiki da takarda. Mu har yanzu muna da hannun aiki da takarda, kuma an gwada mu a Satumbar 2021 lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara na makonni, duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya. Hannun yana ɓacewa da sauri in an daina. Ka ware rabin yini duk bayan wata uku a kashe kwamfutoci da gangan a yi aiki da takarda, za ka ga inda layin ke tsinkewa. Yawanci tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin magani ne, da kuma wurin kuɗi, inda babu wanda ya haddace farashi.

Kwafin ajiya kuwa, sayi faifai biyu na waje. A jona ɗaya a kwafa, a cire, a kulle a durowa, gobe a yi da ɗayan. Duk sati ɗaya daga cikinsu ya kwana a wani wuri ba a cikin asibitin ba, kuma a sa masa kalmar sirri saboda sirrin marasa lafiya ne a ciki. Faifan da ke jone kullum, kamar na mutumin Kebbi, ba ajiya ba ne. Sauran abubuwan ba su da tsada: kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, a daina cajin waya da saka filash a kwamfutocin aiki, wifi na baƙi ya rabu da na asibiti, imel da duk wata ƙofar shiga daga nesa a sa musu lambar tabbaci da ke zuwa waya irin ta banki. Microsoft ya daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Na san na'urar hoto ko ta gwajin jini takan zo da tsohuwar kwamfutar da ba a iya sabuntawa. Irin wannan a raba ta da intanet kawai. Kuɗin lasisin manhaja yana da ciwo a wannan canjin dala, na sani, amma akwai manhajar rubutu ta LibreOffice kyauta kuma halal, ya ishi mai karɓar baƙi.

Ban ga yadda aka haɗa kwamfutocinka ba, don haka ba zan iya ce maka ga ƙofar da ke buɗe ba sai wani ya zo ya duba. Amma akwai gwajin da za ka iya yi a wannan satin ba tare da ka san komai game da kwamfuta ba. Kira kamfanin da ya sayar maka da manhajar, ka tambaye su a rubuce ina bayananka suke, sau nawa ake kwafa, wa ke iya shiga daga nesa, kuma in an kulle su su kansu, cikin kwana nawa za su dawo da kai. Sannan ka ajiye musu kwamfutar da babu komai a cikinta, ka ce su dawo da bayanan makon jiya a kanta kana zaune. Ka zaɓi majiyyata uku da ka sani, ka buɗe ka ga ko maganin da ka rubuta musu yana nan. In suka fara cewa sai injiniya ya dawo daga tafiya, ka riƙe kuɗin sabunta kwangilar har sai sun yi.